Ƙullin Bahago

Ƙusa ta uku ce ta kuɓuce wa Illiya. Ta faɗa cikin rairayi a gindin ƙofar gidan kaso, ya sunkuya yana lalube da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana danne da takardar don kada iska ta ɗauke ta. Bai ga ƙusar ba.

"Ga ta nan, Malam Illiya, gab da ƙafarka."

Ko bai waiwaya ba ya san mai muryar. Habsatu ce, yayar Bahago, kuma lokacinta ne. Wata goma sha ɗaya ke nan ba ta taɓa fashi ba, hantsi na dubawa za ka ga ta ɓullo ta lungun masu kaba da kwanon tuwo a ka. Ta sauke kwanon, ta tsinci ƙusar ta miƙa masa, sannan ta sa tafin hannunta ta danne masa kusurwar takardar.

"Buga, na riƙe maka."

Ya buga. Sau biyu guduma tana kauce wa kan ƙusar kafin ta shiga.

"Kun sake samo wata doka ke nan," in ji ta. "Ku dai ba ku gajiya da takarda. Ina kwana? Ina Biba da ɗiya?"

"Lafiya lau, Inna."

Takardar da ta danne da hannunta, shi ya buga ta da mashin sa'a ɗaya da ta wuce, domin shi ne tafinta kuma mai buga takardu a gidan shari'a. Layi goma sha huɗu ne da Faransanci. Suna cewa yau Talata, da ƙarfe biyar da minti ashirin na asuba, an zartar da hukuncin kisa a kan Bahago ɗan Haruna, mai raƙuma, ta hanyar harbi, kamar yadda doka ta tanada.

Doka ta ce a kafa takardar a ƙofar kaso ta yini ta kwana, gobe war haka a cire. Sanarwar ke nan, babu wata. Ba mai shela, ba rediyo, ba ɗan aike zuwa gida. Wanda ya tsara dokar, da alama a garinsu kowa na karatu. A Agadez kuwa, in ka tattara masu iya karanta Faransanci kaf, inuwar bango ɗaya ta ishe su zama, kuma rabinsu da su aka fita bayan gari da asuban nan, kowa ya sa hannu cewa ba zai faɗa wa kowa komai ba.

Ƙaramar ƙofa ta buɗe. Sarzan Tanko, babban gardin kason, ya fito da kwanon jiya. Ya karɓi na yau, ya miƙa mata wancan, idonsa yana can kan hasumiyar masallaci kamar yau ya fara ganinta.

Tun ranar da aka yanke wa Bahago hukunci aka hana kowa ganinsa. Tuwo kaɗai ke shiga, kwano kaɗai ke fita. Shi ne 'yan uwan biyu suka samo dabara. In ya ci ya gama, sai ya rufe kwanon, ya ɗaure shi da ƙyallen da ta naɗo shi, da irin ƙullin da ake ɗaure kantun gishiri a bayan raƙumi. Nasa a juye yake fita, don da hagu yake komai. Ba mai iya kwaikwayonsa. Tanko ya taɓa gwadawa don tsokana, tun daga nesa ta ce masa ya je ya koyi ɗaure jaki tukuna.

Ta ɗaga kwanon, ta juya shi, ta shafa ƙullin da babban yatsa. Fuskarta ta saki.

"Alhamdulillahi. Ya kwana lafiya."

Ta ɗora kwanon a ka, ta yi musu sai gobe, ta koma ta lungun da ta fito. Illiya ya tsaya da guduma a hannu har ta ɓace. Shi da Tanko ba wanda ya dubi ɗan uwansa.

Ba wanda ya taɓa cewa Bahago bai yi laifin ba, har shi kansa. A wata rijiya kusa da Aderbissinat wani gardi ya zo karɓar raƙuma don aikin gwamnati, ya kama taguwar Bahago mai shayarwa. Aka yi cacar baki, aka kai ga sanda, gardin ya faɗi bai sake tashi ba. Shi ma yana da mata da 'ya'ya uku. A wata shekarar da watakila an yi wa Bahago ɗaurin rai da rai. Amma abin ya faɗo a shekarar da gwamnati take cikin ɗar-ɗar, ana kame-kame a kudu, kuma taɓa mai kaki ya zama taɓa ƙasa baki ɗaya. Sau huɗu Illiya yana rubuta wa Habsatu takardar neman afuwa, tana dangwala yatsa, ana aikawa Yamai. Amsa ta zo tun kafin Sallah, aka ɓoye ta a adaka, don doka ta hana a kashe mutum ranar idi.

Dokar nan ba abin da ta manta. Ta faɗi cewa harbi za a yi, ta faɗi waɗanda za su halarta da waɗanda ba za su halarta ba, ta faɗi abin da za a rubuta da abin da ba za a rubuta ba. Sojojin ma daga wani gari aka kawo su, don kada a samu wanda ya taɓa shan shayi da mutumin. Aikin Illiya shi ne ya tsaya a ƙofar ɗakin Bahago, ya mayar da maganar kumandan, shugaban mulkin garin, zuwa Hausa: an ƙi afuwa, lokaci ya yi.

Bahago ya saurara, ya gyaɗa kai. Ya roƙi ruwa, ya yi alwala, ya yi salla. Da aka tambaye shi ko yana da wata buƙata ta ƙarshe, sai ya ce a miƙo masa kwanon Yaya. Kumandan ya ɗauka yunwa yake ji. Amma kwanon wayam yake. Bahago ya durƙusa, hannuwansa da sauran ruwan alwala, ya rufe shi, ya ɗaure a tsanake, ya ja ƙullin da haƙori kamar yadda ya saba.

"Sarzan, in ta zo ka ba ta kamar kullum," in ji shi. "Bari ta samu barcin yau."

Sauran abin da ya faru a bayan wani tudu can wajen gari, Illiya ba ya son tunawa, kuma ba ya iya dainawa.

Da ya koma biro, wato ofishinsu, ya tarar da magatakardan shari'a, Mushe Seydou (Mushe shi ne Malam a Faransanci), yana jera takardun cikin jaka. Mutum ne mai tsabta da tsoro, ɗan kudu, wanda shekara uku a Agadez ba su koya masa naɗa rawani ba. Bai taɓa karɓar ko dabino ɗaya daga hannun mai ƙara ba, haka kuma bai taɓa yin taki ɗaya da ba a rubuce yake ba.

"Ka kafa?"

"Na kafa, Mushe." Illiya ya ajiye gudumar. "Gawar fa?"

"Tana ɗakin baya na kaso. In la'asar ta yi 'yan kaso biyu za su fita da ita su binne. Ka san zafin nan, ba a jira."

"Ina za su binne?"

"Ba a faɗi. Ba a sa alama."

"Ba wanka, ba salla?"

Mushe Seydou ya cire tabarau, ya jawo littafin doka mai jan bango, ya buɗe ba tare da ya nemi shafin ba. Da gani shi ma ya karanta wurin fiye da sau ɗaya a safiyar nan.

"Ga shi. Ana ba dangi gawar *s'ils le réclament*, in sun nema. A rubuce. Su binne ba taro, ba hayaniya. In ba su nema ba, gwamnati ta binne."

"Yaya za su nema, Mushe, ba su sani ba?"

"An sanar. Kai da hannunka ka kafa sanarwar."

"Da Faransanci. Yayarsa ita ta riƙe mini takardar ina bugawa."

Mushe Seydou ya rufe littafin.

"Illiya, saurara. Doka ba ta ce a ɓoye wa dangi ba, kuma ba ta ce a je a faɗa musu ba. Amma kumandan ya ce, kuma ka sa hannu. Ba fassara, ba ƙarin bayani, ko da kai ba a gyaɗawa. Ba ya son mata su cika ƙofar kaso da kuka, gari ya ɗauka. Wanda ya buɗe baki, kora ce, kuma kaso na iya biyo baya. Matarka na da ciki, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To, *voilà*, ka gani. Buga mini kwafi uku na wannan."

Ya zauna ya buga. Yana bugawa yana lissafin abin da zai faru. Gobe da hantsi Habsatu za ta zo, Tanko zai miƙa mata kwano da ɗaurin da ba na Bahago ba, ta gane. A lokacin an cire takardar, an share ƙasa, iska ta shafe sawun masu haƙa. Har ta mutu ba za ta san inda za ta fuskanta ta yi wa ƙanenta addu'a ba. Ita ta goye shi bayan uwarsu ta rasu, ita ta yi masa aure, ita ta rufe matarsa. Kuma abin da ya fi ci wa Illiya rai shi ne, Bahago da hannunsa ya jawo haka. Da bai ɗaure kwanon ba, da tun hantsi ta gane, ta zube a ƙofar, dole wani ya ce mata wani abu. Ya so ya ba ta barcin dare ɗaya, bai san da wankansa da sallarsa ya biya ba. Ina mai raƙuma zai san abin da ke cikin littafi mai jan bango?

Ƙarfe goma sha biyu aka tashi. Mushe Seydou ya ɗauki jakarsa ya tafi gida, sai ƙarfe uku kuma. Illiya ya kai har ƙofa, ya sa mabuɗi, ya tsaya. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Ya tuna shekara shida da ya yi a lakkwal, makarantar boko, da ƙafa ba takalmi kafin ya samu kujerar nan. Ya tuna matarsa Biba da cikinta na wata bakwai. Sannan ya zare mabuɗin, ya koma ciki, ya zura sabuwar takarda a mashin. Layi uku ya buga. Ya ninke ta, ya ɗauki kwalin tawadar dangwale ya sa a aljihu.

Ya ce wa kansa ba zai faɗi komai ba. Takarda zai kai, yatsa za a dangwala. Ba a sa shi ya sa hannu a kan hakan ba.

Rana tana tsaka, lungunan sun yi tsit, har awaki sun lafe a gindin bango. Ya wuce ƙofar gidansa bai shiga ba. Gidan Habsatu yana can ƙarshen unguwa, kuma tun da aka kama Bahago ƙafar maƙwabta ta ɗauke daga zaurenta. Ba ƙiyayya ba ce, kowa tsoron a rubuta sunansa yake.

Ya yi sallama. Tana ƙarƙashin rumfa tana saƙar tabarma, kaba a jiƙe cikin ƙwarya. Kwanon da ta karɓo da safe yana kife a kan turmi, an wanke. Ƙyallen yana shanye a kan igiya.

"Malam Illiya da tsakar rana? Shigo, shigo. Lafiya dai?"

"Wata takarda ce, Inna. Ina son ki dangwala."

Ta ture tabarmar da sauri, ta goge hannu a zane.

"An ce a sake aikawa? Walle tun safe jikina ke ba ni alheri. Ka san yau da na kwance ƙullin, cikinshi da danshi? Da asuban nan ya ɗaure shi, ba jiya ba. Na ce yaron nan ya tashi da ƙarfinshi. Zauna in kawo maka ruwa."

"Bari ruwan, Inna."

Ya durƙusa a gabanta, ya shimfiɗa takardar a kan tabarma, ya buɗe tawadar. Ta miƙo yatsa, har ya kusa taɓa tawadar, sai ta tsaya. Habsatu ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma shekara arba'in tana saƙa, idonta ba ya kuskuren tsawo da faɗi.

"Wagga ta yi gajarta," in ji ta. "Waɗancan har baya kake cikawa. Ta afuwa ce?"

Ƙarya ɗaya ta ishe shi. In ya ce e, za ta dangwala tana sa masa albarka, ya tashi ya tafi. Ya ji ba zai iya ba.

"Ba ta afuwa ba ce."

"To ta mi ce?"

"An hana ni faɗi, Inna. Amma da ni ne ke, da na dangwala kafin la'asar."

Ta dube shi. Ta mayar da ido kan takardar, ta bi layukan da yatsa a hankali, ta tsaya a wuri ɗaya.

"Ga sunanshi. Wanga harafi mai tumbi biyu a farko, kai ka nuna mini shi tun takardar fari." Yatsan ya zauna a wurin. "Na gan shi yau. Ina na gan shi?"

Illiya ya sunkuyar da kai.

"Ga ƙofar kaso," ta ba kanta amsa. "Ƙarƙashin hannuna."

Wata kaza ta ratso tsakar gidan, ta leƙa ƙwaryar kaba, ta wuce. Illiya yana jiran kururuwa. Ya riga ya shirya abin da zai ce don ta sassauta murya, kuma yana jin kunyar shirin. Kururuwar ba ta zo ba. Leɓunanta ne kawai suke motsi, tana salati can ƙasa-ƙasa, hawaye na sauka suna ɗiga a kan kaba. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi.

"Kada ka ce komi, ɗana. Na ji an hana ka. Abu guda za ka yi mini, ka nuna mini wurin da zan sa hannu."

Ya nuna. Ta danna yatsa a tawada, ta danna a takardar da ƙarfi, har sai da ya ɗan ɗaga mata hannun don kada ta huda.

"In na sa hannu, za su ba ni shi?"

Bai ce e ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce, "Ƙofar baya, kafin kiran la'asar. A zo da makara, da namiji wanda ya iya wanka. Kada a faɗa wa kowa."

"Malam Amadou zai zo."

"In ya ji tsoro fa?"

"Shi ya raɗa mishi suna. Zai zo."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ya ji ƙarar murfin adaka. Ta fito rungume da farin alawayyo a ninke, sabo fil, da sabulu da ɗan ƙullin turare.

"Tun ranar da aka yanke na saye shi," in ji ta. "Kullum in na buɗe adaka sai in kau da kai."

Ta fizgo ƙyallen daga kan igiya ta naɗe kayan da shi.

Mushe Seydou bai yi barcin rana ba. Illiya ya same shi zaune a barandar gidansa da 'yar shara, abincinsa a rufe a gefe ba a taɓa ba. Ya karɓi takardar ya karanta. Layi uku ne, amma ya daɗe a kansu.

"Wa ya faɗa mata?"

"Ban faɗa mata ba, Mushe."

"Amma kai ka buga."

"Ni na buga."

"Da mashin ɗin gwamnati. Ka kai mata har gida, da tawadar gwamnati." Ya cire tabarau ya murza ido. "Kana tsammanin kumandan yaro ne?"

Mushe Seydou ya miƙe ya shiga ɗaki, ya fito da alƙalami da hatimi. Ya ɗora takardar a gwiwa.

"Doka ta ce in sun nema a ba su. Sun nema, a rubuce, kafin lokaci. Ba ni da ikon hanawa." Ya sa hannu, ya buga hatimi. "Mutum huɗu, ta ƙofar baya. Ba kuka a hanya, ba shela, ba taro a maƙabarta. Kuma dole in rubuta wa kumandan yadda takardar nan ta zo hannuna. Ba zan yi ƙarya saboda kai ba, Illiya, ni ma ina da 'ya'ya."

"Na sani, Mushe."

"Zan rubuta cewa ka ce ba ka yi magana ba. Watakila wannan ya tsayar da abin a kan kora. In aka samu wanda ya ji ka faɗi kalma ɗaya a kan asuban nan, ba ni da abin yi maka. Ajiye mabuɗin biro nan."

Illiya ya ajiye. Har ya kai bakin baranda Mushe Seydou ya sake magana, ba tare da ya ɗago ba.

"Rahoton sai gobe. Yau kaina na ciwo."

A ƙofar baya ta kaso inuwa ta fara tsawo. 'Yan kaso biyu suna tsugune da dagi da fartanya, suna jiran a ce su tashi. Habsatu tana tsaye jikin bango da kayanta a ƙirji. Kusa da ita Malam Amadou ne, tsoho mai farin gemu, ya jingina makarar masallacin unguwa da bango. Shi kaɗai ya ɗauko ta a ka, ya bi ta bayan gari don kada a tambaye shi wa ya rasu.

Tanko ya karɓi takardar. Shi ma ba karatu yake ba, hatimin ya duba. Ya ja dogon numfashi, irin na wanda aka sauke wa kaya.

"Ku ajiye dagin nan," ya ce wa 'yan kason. "Ku shiga da makara. Ku ne za ku kama musu har gida, ni zan raka ku."

Ya shiga ya fito da kwanon safe, ya miƙa wa Habsatu. Yana nan da nauyinsa, da ɗaurin da ta yi masa da hannunta.

"Ban bari kowa ya taɓa ba, Inna."

"Ba yaran nan in sun dawo," in ji ta. "Sadaka ce."

Aka fito da shi a lulluɓe da bargon kaso. Bargon bai kai ba, ƙafafunsa suna waje, da kaushin hanyar ayarin gishiri ta Bilma a dugadugansa. Habsatu ta matso, ta ja bargon ta rufe su, sai kansa ya so buɗewa, Malam Amadou ya cire rawaninsa ya shimfiɗa a wurin. Ta zura hannu ƙarƙashin bargon ta gefen hagu, ta riƙe na ɗan lokaci. Ba ta yi kuka ba. An ce ba kuka, kuma ba za ta ba kowa dalilin karɓe shi ba.

Illiya ya kama ƙafar makara ta gaba. Kafin su ɗaga ta juyo gare shi.

"Malam Illiya, na san kana wurin. Abu guda, ba zan ƙara ba. Ya ji tsoro?"

Tanko yana tsaye taki biyu daga gare su. 'Yan kaso biyu suna ji. Har zuwa wannan lokacin Illiya yana iya dafa Alƙur'ani ya ce bai faɗi komai a kan asuban nan ba, kuma wannan ne kaɗai ya rage tsakaninsa da ɗakin da Bahago ya bari. Ya dubi matar. Wata goma sha ɗaya tana karanta lafiyar ƙanenta a jikin tsumma, yau ta tambayi mutum.

"Bai ji tsoro ba, Inna," in ji shi, kuma bai rage murya ba. "Ya yi alwala, ya yi salla. Da aka tambaye shi abin da yake so na ƙarshe, kwanonki ya ce a miƙo masa. Kumandan da sojoji suna tsaye suna jira har ya gama ɗaurewa. Ya ce a ba ki kamar kullum, don ki samu barcin yau."

Tanko ya juya baya, ya shiga kokawa da sakatar ƙofa, wadda ba abin da ya same ta.

Habsatu ta sunkuya ta dubi ƙyallen da ta naɗo likkafanin da shi. Ya bushe sarai, rana ta miƙar da shi.

"Ni kuwa na kwance shi," in ji ta a hankali. "Har na wanke."

Malam Amadou ya yi bismilla, suka ɗaga. Suka bi ta lungun baya, mutum huɗu kamar yadda doka ta ce, Tanko a gaba da bindigarsa. Habsatu tana biye da su, tana bin ƙyallen da babban yatsanta mai tawada, kusurwa bayan kusurwa, ko akwai inda alamar ƙullin ta rage.